Masaukinmu na Kubwa

Mutanenmu na Zariya ba su taɓa ɗaukar Abuja a matsayin garin zama ba. A wajensu wata babbar ma'aikata ce da ake zuwa neman sa hannu a takarda, a kwana ɗaya a juyo. Har gobe za ka ji ana cewa garin ba shi da zumunci, kowa ya ja ƙofarsa ya rufe, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Ban musa ba, akwai unguwannin da haka suke. Amma Abujar da na sani a shekarun da muka zauna a Ingila, daga 2008 zuwa 2014, ba ita ba ce wannan. A cikinta ne 'ya'yana suka fara sanin cewa suna da dangi.

Karatun maigidana ne ya kai mu Manchester. Mun tafi da 'yarmu ta fari tana tatata, ƙanenta kuwa a can aka haife shi, a tsakiyar hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu. Asibiti sun kula da ni yadda ya kamata, amma da muka dawo gida sai shiru. Babu tsohuwar da za ta dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya, babu mai dama kunun kanwa, babu 'yan barka masu shiga da fita. Ragon suna a Zariya aka yanka, mu kuwa muka saurari addu'ar ta waya, da irin katin nan da ake kankarewa a danna lambobi masu tsawo, kuɗin ya ƙare ana tsakiyar shafa fatiha. Matan Hausawan da ke garin, 'yan Kano da Katsina da wata baiwar Allah 'yar Damagaram, sun zo ranar Asabar da tukwanensu, don ranar suna ta faɗo a ranar aiki. Allah ya saka musu da alheri. Da magariba kowa ta kama hanyar bas, na koma ni da yara biyu da bango huɗu.

A can ne ma kunyar 'yar fari ta gagare ni. A gida ba zan kama sunanta ba, akwai masu kira mini ita. A can kuwa, a wurin likita da ƙofar makaranta, dole in buɗe baki in faɗe shi, har bakina ya saba.

Saboda haka duk shekara ido na kan ƙarshen Yuli, lokacin da makarantun Ingila ke ba da dogon hutu na mako shida. Ba kowace shekara aljihu ke yarda ba, ko da yake a lokacin fam ɗaya bai wuce kusan naira 250 ba. Shekarar da za a zo, tun daga watan Maris ake fara tarin tsaraba: rigunan sanyi na tsofaffi, turare, man shafawa, agogo na wani kawu, jakar makaranta ta wata 'yar ƙanwa. Hajiyarmu ba ta yarda da lambar takalmi ba. Tsinken tsintsiya take karyawa daidai tsawon ƙafar kowane jika, ta ɗaura wa kowanne zare mai launi daban, ta ba wani mai tahowa ya kawo mini a ambulan. Da waɗannan tsinkayen nake shiga kanti ina zura su cikin takalma ɗaya bayan ɗaya, kuma ban taɓa kawo wanda ya matse wa yaro ƙafa ba. Daren tafiya a ɗora kowane akwati a sikeli, kada ya haura kilo 23, a cire wannan a cusa wancan. Ga kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake fara ba yara tun kafin a taso, a daka shi a cikin zuma, su gane, su tofar, a sake.

Jirgin Landan kafin asuba yake sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Tsohon ginin ne a lokacin, ba wannan sabon da aka buɗe a ƙarshen 2018 ba. Ana buɗe ƙofa ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan damina ke tarbar mutum, da ɗumi mai laushi wanda ke sa ka cire rigar sanyi tun kana kan matakala. Mijin yayata ne ke zuwa ɗaukarmu, da hularsa a karkace don barci bai sake shi ba, ya karɓi yaron daga kafaɗata kafin ma mu gama gaisawa. Muna wuce Lugbe masallatai suka fara kiran salla, wannan na ɗauka wancan na saukewa. Yarinyar ta ɗago kai ta tambaye ni da Turanci wane ne ya ƙure rediyonsa haka. Ita a saninta kiran salla daga wani ƙaramin agogo yake fitowa a kan firjinmu. Mijin Yaya ya sauke gilashin mota gaba ɗaya, ya rage gudu, bai ce komai ba.

Gidan Yaya ɗaki uku ne da falo a Kubwa. Mijinta yana cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Legas bayan da gwamnatin Babangida ta dawo da mazauninta Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, kuma tun daga lokacin gidan bai taɓa zama na su kaɗai ba. Duk wanda ya fito daga danginmu da wata buƙata a Abuja, nan ne zangonsa: mai neman aiki da takardunsa a leda, mai jiran biza, wanda aka turo Asibitin Ƙasa, ɗan bautar ƙasa da aka kawo sansanin Kubwa, tsohon da ke bin haƙƙinsa na fansho. Katifu a jingine suke da bango da rana, da dare a shimfiɗa. Ban taɓa jin Yaya ta tambayi baƙo yaushe zai tafi ba. Abin da take tambaya shi ne ko ya ci abinci.

Muna shiga za ta fito da zane ɗaure a ƙirji, ta ce, "Maraba da mutanen Turai. Kawo shi nan, ke je ki kwanta." Ta saɓa yaron a baya ta ɗaure da majanyi, ta ci gaba da suyar ƙosai. Daga nan ba na sake ganinsa sai yunwa ta kama shi. Wannan ya ɗauka, wancan ya karɓa, 'yan matan gidan su yi masa wanka su shafe shi da hoda su zaga da shi maƙwabta. Barcin da nake yi a wannan safiyar, a ɗakin Yaya, fanka na kaɗawa, hayaniyar gida na shigowa ta taga, ban taɓa samun irinsa a Manchester ba ko sau ɗaya. A can ko ina barci kunnena ɗaya na kan yara, don na san in ba ni ba babu kowa.

Kwanakin farko da wuya ga yaran. Suna maƙale da zanena, suna kallon kowa da ido. 'Ya'yan Yaya na kiransu 'yan Landan, suna kwaikwayon Turancinsu na hanci. In an ɗauke wuta su fashe da kuka, sauran yara na dariya. Amma yaro ba ya daɗewa a bakin ƙofa. Kafin mako ya zagayo yarinyar ta iya durƙusawa ta ce "Ina kwana, Baba," ta san ba a miƙa wa babba abu da hagu, ta san a cire takalmi kafin a taka tabarma. Ba ni na koya mata ba. Na yi ta fama da waɗannan a Ingila ba su zauna ba, don ba ta ga kowa yana yi ba sai ni. A nan kuwa ta ga sa'o'inta na yi. Rannan na leƙa tsakar gida na same ta a cikin ruwan sama tsamo-tsamo, ta zana 'yar gala-gala da gawayi, tana musu da Hausa a kan cewa ba ta taka layi ba. Na koma ɗaki na zauna, don kada ta gan ni ta juya harshe.

Mukan fita, ba shakka. A kai su Millennium Park su yi gudu a ciyawa, ko Wonderland da ke kusa da babban filin wasa, ranar Juma'a a je Masallacin Ƙasa a sayo dabino da turare a bakin ƙofa, a shiga kasuwar Wuse a kai ɗinkin salla. Amma in ka tambaye su yau, ba waɗannan suke tunawa ba. Gidan sauro suke tunawa, da yadda ake cusa yara shida a ƙarƙashinsa ana tatsuniya, da kwano ɗaya na tuwo da kowa ke sa hannu.

Sai hanyar gida. A wancan lokacin ko bayan la'asar mukan kama hanyar Kaduna ba tare da gaban kowa ya faɗi ba. A wuce Zuba, a iso Madalla, Dutsen Zuma ya taso a gabanmu, mijin Yaya ya zaro naira 100 ya nuna wa yara hotonsa a jiki, su yi ta duba takarda suna duba dutse. A tsaya Tafa a sayi masara gasasshiya da gyaɗa dafaffiya. Jere, Katari, gadar Kaduna, Jaji, ga shuka kore shar hagu da dama, har a hango ganuwar Zazzau. A shekarun nan azumi na faɗowa cikin hutun, don haka mun tsere wa azumin Ingila mai kai wa awa goma sha takwas, muka kuma samu ƙaramar salla a gida. A ƙarshen Agustan 2011 yaran suka ga hawan Sarkin Zazzau Shehu Idris, yaron na kan wuyan kawunsa yana toshe kunne saboda ƙarar bindiga, amma ya ƙi a sauke shi. Hajiya kuwa tana ganinsa za ta ce, "Ga maigidana ya dawo, ina kuɗin cefane?" Ta dubi yarinyar ta ce, "Ke kuma kishiya, da me kika fi ni?" Sai da aka yi wa yarinyar bayani cewa wasa ne, kuma an yarda ta rama. Ta rama kuwa.

A cikin azumin 2011 ɗin ne, ranar 26 ga Agusta, aka tayar da bam a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja. Da muka dawo Kubwa mun tarar da shingayen jami'an tsaro a kan hanya, mutane na magana ƙasa-ƙasa. Daga nan abubuwa suka fara sauyawa, sannu a hankali.

Daren komawa falon Yaya kan koma kasuwa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, tsamiya, zoɓo, garin ɗanwake, ƙuli-ƙuli, turaren wuta, da daddawar da ake naɗewa leda kan leda don kada ta kama kaya. Nama dai doka ta hana shiga da shi Ingila, don haka kilishin Area 1 a nan ake baje shi a ci har a gaji. Yaya ba ta raka mu filin jirgi. A bakin ƙofa take tsayawa, ta dafa kan kowane yaro ta yi addu'a, ta ce mini, "Ki riƙa yi musu Hausa, kin ji ko? Kada ki gaji." Hausar kan biyo su har Manchester, ta yi wata biyu tana yawo a gidan, kafin sanyi ya shigo ta fara ja da baya.

Mun dawo a 2014, aiki kuma ya ajiye mu a Abujar. Mijin Yaya ya yi ritaya sun koma Zariya, yanzu gidanmu ne ake sauka. Sai dai masu saukar sun ragu. Hanyar Kaduna ta zama abin da ake shiga da addu'a a baki saboda masu garkuwa da mutane. Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016 ya kawo sauƙi, har aka kai masa hari ranar 28 ga Maris, 2022, ya tsaya wata da watanni. Kafin nan annobar korona ta dakatar da zirga-zirgar jiragen sama na ƙasashen waje daga Maris zuwa Satumban 2020, tsofaffi da yawa suka rasu 'ya'yansu na waje suna karɓar gaisuwa ta waya. A 2024 fam ɗaya ya haura naira 2,000, kuma daga farkon shekarar Ingila ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalinsu. Wasu yanzu uban na can, uwa da yara na nan.

Waɗanda suke iya zuwa kuma sun sauya salo. Ƙanwarmu da ke zaune a Leeds, in ta zo, gidan haya mai kayan ɗaki take kamawa na mako biyu a cikin gari, mai janareto da intanet, sai a ɗauko tsofaffi daga gida a kawo su su ga jikoki. A zauna a falo mai sanyi, a ci abinci, a ɗauki hoto, yara na gefe kowa da waya a hannu, da yamma a mayar da tsofaffi masauki. Ban ga laifinta ba. Uwa ce, tsoro take ji, kuma tsoron yana da dalili. Amma raina na ɓaci in na ga yaran sun koma ba su san ɗakin da uwarsu ta girma ba, ba su kwana da 'yan'uwansu ba, ba wanda ya tsokane su har suka koyi ramawa. Kullum suna ganin Hajiya a bidiyon WhatsApp, amma ranar da ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙaramin, baya ya ja.

Na faɗa mata wannan a waya, mun ɗan yi sa-in-sa, muka shirya. Na ce bana a gidana za su sauka, katifu na nan, yarana da suka zama budurwa da saurayi su ne za su yi renon nata. Daga nan mu hau jirgin ƙasa na safe a tashar Kubwa, mu sauka Rigasa, a zo a ɗauke mu zuwa Zariya da rana tsaka. Ta ce za ta yi shawara da maigidanta. Na ce ta yi, amma ta sani ƙafafun Hajiya sun daina ɗaukar doguwar tafiya, likita ma ya hana. Ba za a sake kawo ta Abuja ba, duk mai son ta sa wa ɗansa albarka sai ya je inda take.