Tsamin da na shaƙa, ban sha ba

Wata maraice a Sabon Gari, nan Maraɗi, wani abokin aikina ɗan Beljik ya buɗe kwalbar da ya yi shekaru yana adanawa. Kirik ake kiranta, giyar yankin Burusel. Ana jiƙa mata seriz, wani jan ɗan itace mai tsami, ta yi watanni cikin gangar katako. Ya miƙo mini, na ce addinina ya hana, sai dai in shaƙa.

Tsamin ya mai da ni ƙauyen kakata, bayan Tibiri. Can na ga matan Anna suna jiƙa dawa har ta tsira, su shanya, su niƙa, su dafa, su bar ta ta yi tsami ta zama burkutu.

Abokina yana alfahari cewa a 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar ƙasarsu cikin gadon ɗan Adam. Ni kuwa na tuna Nuwamban 2000, ina ɗalibi, da masu zanga-zangar ƙin bikin FIMA suka ƙone mashayu a garin nan. Yau ko sunan burkutu nauyin faɗa nake ji a aji.

Ba kiran sha nake ba, haram haram ce. Amma sunayen tukwanen nan da na kowane matakin aikin Hausa ne, tsofaffin da suka san su kuwa ƙarewa suke yi. In malamin Hausa bai rubuta su ba, wa zai rubuta? Hutun nan, in Allah ya yarda, ƙauyen kakata zan koma da littafi da alƙalami.