Rediyon da Na Kunna Ba da Izinin Mai Shi Ba

Aikin da aka ba ni bai taka kara ya karya ba. Ƙaramin direba zan rubuta wa Linux, wanda zai haɗa maɓallin Wi-Fi na wata kwamfutar tafi-da-gidanka da rfkill, sashen da ke kula da kunnawa da kashe rediyon na'urori, wanda Johannes Berg ya sake wa fasali a 2009. Kwana uku na gama. In na danna maɓalli fitilar Wi-Fi ɗin ta mutu, in na sake dannawa ta kama. Na miƙa aiki hankalina kwance.

Bayan mako biyu wata abokiyar aikina ta ajiye kwamfutar a gabana, ta nuna min 'yar fitilar tana ci. Ta ce, "Malam, da hannuna na kashe wannan kafin in rufe ta jiya. A cikin jirgi na buɗe, na tarar da ita a kunne." Ban ko duba ba na ce mata ƙila mantawa ta yi. Wannan amsar ta fi kuskuren kansa damuna har yau.

Da dare na koma kan aikin. Ashe na'urar tana adana zaɓin mai ita a BIOS, ko an kashe ta ba ta mantawa. Direban irin wannan na'ura dole ya karanta halin da ya tarar da rediyon, ya sanar da rfkill ta hanyar rfkill_init_sw_state kafin ya yi rajista da shi. Ni kuwa kai tsaye na tafi rajista. Da rfkill bai ji komai daga gare ni ba, sai ya ɗora na'urar a kan abin da ya saba farawa da shi, wato kunnawa, ya shafe abin da matar ta zaɓa. Duk gwajin da na yi, ina fara shi ne kwamfutar a kunne, rediyon ma a kunne, to ina zan gani?

Gyaran bai wuce layi huɗu ba, sai dai a kula, domin a yaren rfkill "e" na nufin an toshe rediyo, abin da BIOS ɗin kuwa ke bayarwa akasin haka ne. Washegari na fara da ba ta haƙuri, sannan na roƙe ta ta kashe rediyon da kanta, ta rufe kwamfutar, mu tayar da ita tare. Sau biyar muka yi, fitilar ba ta kama ba.