Gonar gawo da dare bakwai na neman zaɓin Allah

Duk wanda ya tashi a karkarar Maraɗi ya san babu lokacin da fadar mai gari take cika kamar gabanin saukar damana. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, tsoffin maganganun da suka kwana cikin rani sai su farka: wane ya matsar da iyaka, wane ya tuge gamba, wane ya ci burtali. Na sha rubuta labarin irin waɗannan husumomi da faransanci a shafukan gaba na wannan jarida, ina tsaye daga gefe kamar mai kallon dambe. A shekarar 2024 kuwa sai da na tsinci kaina tsakiyar fage, kuma abin da na gani can ne nike so in ba masu karatu, ko da akwai tonon asirin kaina a ciki.

Maganar gona ce. Muna ce mata gonar gawo, saboda wata babbar bishiyar gawo da ke tsaye a kusurwarta ta yamma. Asalin rikicin yana komawa shekarar 2005. Waɗanda suka ga wannan shekara ba su manta ta ba: fara ta sauka a 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, kafin damana ta gaba ta kai tsakiya rumbuna sun zama fayau, buhun hatsi ya doshi jika 30 a wasu kasuwanni, uwaye kuma na ta kai ƴaƴansu wuraren jinyar tamowa a Maraɗi. Cikin wannan hali mahaifinmu, Allah ya jiƙan sa, ya tafi wurin maƙwabcinsa kuma abokinsa tun na ƙuruciya, ya karɓi buhu uku na hatsi, ya bar masa gonar. Ba a rubuta komi ba. Mu dai abin da muka tashi muna ji a gida shi ne jingina ce: ran da aka mayar da hatsi, gona ta dawo.

Mahaifinmu ya rasu a 2021. Bayan an yi rabon gado, ƙannena biyu suka ga ƙasar da ta rage ba ta ciyar da iyalansu, suka tara abin da za su fanshi gonar. Suka je wurin dattijon da ladabi, domin Baba muke ce masa tun muna yara. Ya saurare su har suka ƙare, sa'an nan ya ce shi bai san wata jingina ba, saye ya yi, kuma shekara goma sha tara ke nan yana zuba mata taki. Shaidu biyu ne suka halarci maganar farko. Ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗayan kuwa tsufa ya kama shi, yau ya ce haka, gobe ya ce haka. Mai gari ya zaunar da su sau uku, ya kasa, ya tura maganar fadar sarki.

Nan ne aka kira ni. "Yaya, kai ne ka yi lakwal," in ji ƙanena na biye da ni, "kai ka san bakin hukuma." Ban yi musu ba, don har ga Allah maganar ta yi mini daɗi. Na san dokar karkara ta ranar 2 ga watan Maris 1993, wadda ta amince da mallakar gargajiya kamar yadda ta amince da ta takarda. Na san sarakuna sulhu ne aikinsu, in ya ƙi a rubuta takardar rashin daidaitawa a wuce gaban alƙali. Na san kuma ƙa'idar da malamanmu na Malikiyya suke karantarwa: mai da'awa shi ke kawo shaidu, in ya rasa, wanda ya musanta ya yi rantsuwa. A kan wannan rantsuwa ce ƙannena suka gina lissafinsu, ni ma na bi su. Kowa ya san yadda mutanenmu suke tsoron dafa Alƙur'ani. Sau da yawa mai gaskiya ma yakan bar haƙƙinsa don kada ya rantse, ƴaƴansa su riƙe masa riga suna kuka, don an yi imani rantsuwa ba ta barin gida lafiya. Mun ƙiyasta dattijon ba zai iya ba. Za mu kai shi bakin Littafi, ya ja da baya, gona ta dawo ba tare da mun tabbatar da komi ba.

Ƙaraminmu ma bai yarda a jira ba. Ya ce ruwan farko da ya sauka, shi zai shiga gonar da irinsa ya yi shuka, wanda ya isa ya hana shi. Ƴaƴan dattijon su huɗu ne, duk ƙarfafa. A ƙasarmu ba a ɗaukar irin wannan magana da wasa. Manyanmu har yau sukan rage murya idan an ambaci Toda, inda a ƙarshen watan Oktoba 1991, ana cikin zaman Taron Ƙasa a Yamai, rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka fiye da ɗari, galibinsu mata da yara. Tamu ba ta manomi da makiyayi ba ce, amma ƙasa ce dai, kuma hauya ɗaya ce ke noma ke sara.

Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Daren da na iso gida da jakata cike da takardu, tana zaune tana tsintar wake, sai ta ce, kamar da ƙwaryar take magana: "Masu ilimi sun zo. Ko sun tambayi Mai ƙasar kafin su raba ta?"

Da asuba na tafi wurin malamin da ya koya mini baƙi da wasali. Na gaishe shi, na ajiye ɗan abin goro, na ce: "Allah gafarta Malam, addu'a nike nema, Allah ya ba mu nasara a kan maganar gonar nan. In da hali a yi mini istihara." Ya yi murmushi. Ya ce abu biyu na haɗa waɗanda ba su tafiya tare. Mai neman nasara ya riga ya zaɓa. Mai istihara kuwa zaɓin ne yake nema. "Kai ma'aikaci ne," in ji shi, "ka san wanda ya rubuta takardarsa tsaf ya kai ta biro don a buga mata hatimi kawai. Haka ka zo wa Ubangiji."

Sa'an nan ya gyara mini abin da na ɗauka na sani. Mu da yawa mun mayar da istihara wani irin duba: a ba malam kuɗɗi ya kwana, ya yi mafarki, da safe ya ce fari ya gani ko baƙi. Ya ce asalinta ba haka ba ne. Buhari ya ruwaito ta daga Jabir ɗan Abdullahi, kuma mai buƙata shi ke yin abinsa da kansa: raka'a biyu na nafila, sa'an nan addu'a. Ma'anar addu'ar ita ce bawa ya amsa cewa shi bai sani ba, bai kuma iya ba, ya roƙi a sauƙaƙe masa al'amarin in alheri ne ga addininsa da rayuwarsa da ƙarshensa, in kuwa sharri ne a kawar da shi daga gare shi, shi ma a kawar da zuciyarsa daga abin, a ba shi alheri duk inda yake, a sa ya yarda. Babu sharaɗin mafarki. Ya ce in haɗa da shawarar mutanen kirki, in sake yi in zuciya ba ta natsu ba.

Na yi dare bakwai. Ban ga komi a barci ba, sai sauro. Daren farko da na biyu bakina na karanta addu'a, kaina na tsara jawabin da zan yi a fada. Wurin da ya riƙa tsaya mini a maƙogwaro shi ne inda ake amsa rashin sani. Ni da na zo da doka a jaka, mi ne ban sani ba? A dare na huɗu, ina zaune bisa buzu bayan sallama, tambayar ta juyo ta fuskance ni da gaske. A 2005 shekarata goma sha biyar, ina kolej a Maraɗi, ina cin tuwon gidan wani ɗan'uwa. Ban ga hatsin ba, ban ji abin da aka faɗa ba. Duk tabbacin da nike taƙama da shi, ji ne daga bakin waɗanda su ma ji suka yi. Sai kuma wani abu ya faɗo mini wanda ban taɓa haɗa shi da gona ba: shekarar da na shiga lise, mahaifina ya zo mini da kuɗɗin kaya da littattafai da keke, a lokacin da na san gidanmu ba akuya ko ɗaya.

Da safe na keta al'ada, na zauna gaban Inna na tambaye ta. Ta daɗe ba ta tanka ba. Daga baya ta ce, e, Malam, wato mahaifinmu, ya koma wurin abokinsa karo na biyu, da dare, shi kaɗai, ya dawo da kuɗɗi ƙulle a gefen rigarsa. Abin da suka ƙulla tsakaninsu ba ta sani ba, bai faɗa ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Ƙari ne a kan jingina? Cikon kuɗɗin saye ne? Mutum ɗaya ne a raye da ya sani, shi ne wanda muke shirin tsoratarwa da Alƙur'ani. Ashe mai yiwuwa ne gonar da nike shirin ƙwatowa da ilimina, ita ce aka sayar aka saya mini ilimin.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, abin da ya fara zo mini shi ne in yi shiru. Ba wanda ya san na sani. Na koma wurin Malam na ce zan ƙara istihara a kan ko in faɗa ko in bari. Wannan karon bai yi murmushi ba. Ya ce ana neman zaɓi ne tsakanin abubuwan da aka halatta, ba a tambayar Allah ko a ɓoye shaida, don wannan an riga an ba da amsarsa. Ya tuna mini da hadisin Ummu Salama, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, kuma wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya, yankin wuta aka yankar masa. Bai ƙara komi ba. Ni ne mai iya tsara hujja a maganar nan, dattijon ko sunansa ba ya iya rubutawa.

Na fara gaya wa ƙannena, don ban so su ji a bainar jama'a. Na biye da ni ya sunkuyar da kai. Ƙaramin ya miƙe tsaye ya ce: "Yaya, kai albashi kake ci a birni. Mu ƙasa muke ci. Da gonarmu za ka sayi aljanna?" Har yau ban samu amsar da ta gamsar da ni ba, balle shi. Gaskiya ce ya faɗa: tsoron Allahn nawa ne, amma hatsin da za a rasa nasa ne.

Ranar zama a fada, bayan an yi gaisuwa, na nemi izini na ce: "Ranka ya daɗe, kafin a ɗauko Littafi, akwai abin da ya kamata a sani." Na faɗi maganar kuɗɗin na biyu yadda na ji ta, ban rage ba. Fada ta yi tsit. Dattijon ya dube ni ya daɗe, sa'an nan ya shafa gemunsa ya ce shi ma akwai abin da bai faɗa ba. Daren nan, in ji shi, da ya miƙa kuɗɗin ya ce wa abokinsa gona ta zama tasa ke nan, mahaifinmu bai ce e ba, bai ce a'a ba, cewa ya yi kawai su bar wa Allah. Shi ya ɗauki wannan a matsayin yarda. Amma tun da aka fara zancen rantsuwa barci ya ƙaurace masa, domin ba zai iya dafa Alƙur'ani a kan kalmar da ba a furta ba.

Sarki bai bari an ɗauko Littafin ba. Aka yi kwana biyu ana kai da komo, liman da dattawan unguwa na shiga tsakani. Daga ƙarshe aka tsaya a kan mu biya hatsin da kuɗɗin, a raba gonar: kashi biyu namu, kashi ɗaya na dattijon, don takin shekarun da ya zuba. Ɓangaren da ya faɗo masa shi ne na yamma, mai gawon, wanda kowa ya san ya fi albarka, don ƙarƙashin gawo hatsi ba ya ƙarya. Wakilan hukumar filaye da ake kira Kofo suka zo suka auna, aka rubuta takarda, kowa ya dangwala yatsa. Kuɗɗin na biyu ni na biya su daga aljihuna, wata shida ina biya, tun da ni na ci su.

Wasu abokan aikina sun ce wauta na yi, da na yi shiru da gona duka ta dawo. Mai yiwuwa ne. Wasu kuma suna so in ce musu istihara ta nuna mini gaskiya, ni kuwa har yau ban san ko jingina ce ko saye ba, kuma ina jin mutanen biyu da suka zauna a daren nan su ma kowa da abin da ya tashi da shi. Abin da na sani shi ne na shiga dare na farko ina da tabbaci, na fito na huɗu ba ni da shi, kuma ruwan farko ya sauka ba wanda ya ɗaga wa wani hauya.

Ƙaraminmu bai zo gaishe ni da Sallar Layya ba, wayata ma ba ya ɗauka. Bayan kaka, wani direban da ke jigilar kasuwar ƙauyenmu ya tsaya ƙofar gidana ya sauke rabin buhun hatsi. Na tambaye shi wa ya aiko. Ya ce ƙanena ne, ƙaramin. Na ce ko ya ba da saƙo. Ya ce babu, cewa kawai ya yi a mayar masa da buhun.