Jirgin da za mu haɗa a Mpape, da yadda muka zaɓe shi

Jama'a, masu tambayata a inbox ko da gaske ne mu huɗu daga ajinmu na Masters a sashen kanikanci za mu haɗa ƙaramin jirgin sama, eh, gaskiya ne. Ga bayanin a wuri ɗaya don kowa ya huta.

Da farko, abin ba sabo ba ne a ƙasar nan. Air Beetle ɗin da Rundunar Sojan Sama ta yi shekaru tana koyar da matuƙa da shi, a Kaduna aka haɗa shi, kusan guda sittin, kuma asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's da ke Amurka, wanda a da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a akwati mutum ya haɗa a gida. A 2007 kuma Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin BUK, ya ƙera helikwafta da injin Honda da tarkacen ƙarafa a Kano. Mu hanyar Kaduna muka bi: zanen da aka riga aka gwada, ba namu na ƙirƙira ba, domin ran mutum ne zai hau.

Rigimar da ta cinye mana wata uku ita ce wane za mu saya. Guda uku muka tsayar: RV-12 na Van's, Sling 2 na Afirka ta Kudu, da CH 750 na Zenith. Duka kujera biyu ne, duka ana sa musu injin Rotax 912. Wannan injin shi ya fara jan hankalinmu, saboda yana shan man mota mai kyau. Man ƙananan jiragen da ake kira avgas kuwa, samunsa a nan sai wanda ya san hanya.

Ɗaya daga cikinmu ya kafe a kan RV-12, wai ya fi gudu, ya fi kyau a hoto, kuma ana iya cire fikafikansa a ɗora a tirela. Wani ya ce Sling, tunda daga Johannesburg zai taso, ba sai ya ƙetare teku daga Amurka ba. Da muka kai wa Malam maganar, tambaya ɗaya ya yi mana: “A ina za ku tashi, a ina za ku sauka?” Shiru muka yi. Wanda ya san Mpape ya san duwatsu ne da kwari da ƙurar masu fasa dutse, ga Maitama a gindinmu, ba wanda zai bar ka kana shawagi a can. Gwaji dole sai an fita da shi wani fili, da izinin NCAA.

Nan CH 750 ya yi nasara. Chris Heintz ya zana shi don gajeren fili mara kwalta, yana tashi cikin ɗan taƙi kaɗan, kuma wannan yana da muhimmanci a zafin watan Maris, lokacin da iska take sirancewa fiffike ya rasa abin riƙewa. Ƙusoshinsa irin na ja da hannu ne, mutum ɗaya zai iya, ba sai an sami na biyu yana tokare ƙarfe ta baya ba. Jikinsa kusan duk a miƙe yake, babu lanƙwasa mai wahala. Muni dai akwai shi, kamar akwatin lefe da fiffike, gudu kuma babu. Mun yarda.

Sai maganar kuɗi, inda take da zafi. Da dala ake sayarwa, kun kuma san yadda naira take. Ni kuɗin da nake tarawa daga koyar da lesin da yamma na zuba, wanda Umma ta daɗe tana lissafa shi a kan kayan aure. Ta ce, “Kai yanzu da hankalinka, jirgi ko mata?” Na ce, “Umma, ku yi haƙuri, shekara ɗaya kacal.” Ba ta ce eh ba, amma ta sa albarka.

Shi ya sa ba mu sayi duka ba. Zane muka yi oda, da ɓangaren wutsiya mai juya jirgi dama da hagu, wanda kamfanin yake sayarwa daban don sabon shiga ya gwada hannunsa. Mun ƙulla yarjejeniya a rubuce: idan muka gama wutsiyar, injiniyan jirgi mai lasisi ya duba ya ce ba ta yi ba, a nan za mu tsaya, kowa ya ɗauki ragowar kuɗinsa, ba gaba ba ƙiyayya. Idan ta yi, sai fikafikai. Inji shi ne na ƙarshe, shi ya fi komai tsada.

Shagon da muka kama yana bayan wani mai walda, mun rufe tagogi da leda saboda ƙura, teburin aiki kuma kafinta ya gama jiya.

Abin da nake nema yanzu: duk wanda ya yi karatu a NCAT Zariya ko AFIT Kaduna, ko tsohon ma'aikacin da ya taɓa aikin Air Beetle, don Allah ya yi mini magana. Ko awa ɗaya ce ya zo ya duba ƙusoshinmu, mun gode. Allah Ya sa mu gama lafiya.