Darasin Ƙurungu

'Yar'uwa, duk wadda ta tashi a bakin gulbi kamar mu 'yan Gwadangaji ta san kifi ma yana da tasa yunwar. Da zarar rani ya shigo ruwan fadamar Rima ya janye, sai kifaye su tattaru cikin 'yan tabkuna, baki ya yi yawa abinci ya yi kaɗan. To a nan ake gane dabarar kowa.

Tarwada tana iya shaƙar iska, saboda haka idan wuri ya ƙure mata sai ta ja ciki ta bi danshi zuwa wani ruwan. Gaiwa kuwa shigewa take cikin laka ta yi likimo har damina. Amma ni wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ƙurungu. Yawancin danginsa a ƙasan ruwa suke kiwo, amma akwai irinsa da yake juyawa rigingine, yana iyo ciki sama, yana tsintar abin da ke saman ruwa.

Kuma fa ba a gulbinmu kaɗai ake ganin irin wannan ba. A shekarar 2012 masana a ƙasar Faransa suka ba da labarin wani babban kifi dangin tarwada a kogin Tarn, wanda ya koyi zabura bakin gaɓa ya cafke tattabarar da ta zo shan ruwa. Ikon Allah, kifi da farautar tsuntsu!

Abin da ya sa na kawo zancen nan, mu mata mun cika yi wa sana'a ɗaya rubdugu. Wance ta fara ƙosai ta samu, gobe gida biyar a layi ɗaya ƙosai suke toyawa. Ciniki ya mutu, jari ya karye, yara su dawo da faranti cike, daga nan sai gaba da habaici, har a ce wai an yi mana asiri. Haba 'yan'uwa! Wane asiri? Tabki ne ya yi mana kaɗan.

Kafin ki sa kuɗin adashenki, dubi unguwarku da kyau, me ake nema ba a samu? Ko turara shinkafa ne, ko ɗinki, ko kitso, ko bandar kifi. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Allah Ya ba mu halalinmu ba tare da mun ɓata da maƙwabta ba, amin.