Ragowar Lemo da Randar Furfuri

A manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, ragowar shamfen toshe ta ake yi a tsoma cikin ƙanƙara. Mu a Furfuri, inda Shari'a ta hana giya tun 2000, abin da ke rage mana bayan biki lemon roba ne. Ka'idar dai ɗaya ce: iskar da ke sa kumfa tana zama a ruwan sanyi, zafi ne ke korar ta. Shi ya sa nake ɗaure murfin tamau, in wanke robar in tsoma a randa, wadda tsattsafonta ke sanyaya ruwa ko babu lantarki. Idan lemon ya salance washegari, sai ya shiga zoɓo maimakon sukari. A wannan tsadar, zubarwa almubazzaranci ne.