Awa 24 a Bonn

Tun muna yara a Tudun Gwandara ta Lafia nake jin sunan Bonn a bakin masu karanta labaran Deutsche Welle, ban taɓa zaton ƙafata za ta taka garin ba. Goyon ƙanwata ne ya kai ni a shekarar 2025. Daga Lafia na bi ta Akwanga da Keffi zuwa Abuja, jirgi ya sauke ni Frankfurt, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ni, jakata cike da riɗi da kuka da daddawa.

Na tafi da niyyar raino, don na ɗauka zan tarar da ita kamar yadda na saba ganin ma'aikata masu goyo a gida: ido ya faɗa, ana tatsar nono da asuba. Sai ga ta ƙarfe ɗaya na rana ta dawo daga gidan kula da tsofaffi inda take aiki, har da ƙarfin tura keken yaro zuwa bakin kogin Rhine. Kafin ta haihu awa 39 take yi a mako. Yanzu 24.

Na ce, "Ke kuwa wannan ragin bai jawo an yanke miki kuɗin yara ba?"

Ta yi dariya. "Yaya, ai a nan wanda ya ƙara awa ne yake tsoro."

Da daddare ta baje mini takardu. Kuɗin yara, wanda suke kira Kindergeld, Yuro 255 ne duk wata a kan kowane yaro a shekarar, kuma babu ruwansa da awa nawa uwa ta yi. Na biyun shi ya fi burge ni. Tun 2007 Jamus take biyan kuɗin raino, Elterngeld, kusan kashi 65 cikin ɗari na abin da mutum yake samu kafin haihuwa, daga Yuro 300 zuwa 1,800 a wata, har wata 14 idan uban ma ya karɓi nasa rabon zaman gida. A 2015 suka ƙara wani tsari domin masu komawa aiki rabi-rabi: wata ɗaya na tallafin ya zama biyu, ana biyan abin da bai wuce rabi ba, yana cike wani ɓangare na giɓin albashi. Iyakar awoyin tana sama ne. Muddin ba ta wuce awa 32 a mako ba, haƙƙinta yana nan. Mijinta ma ya rage nasa zuwa 30, saboda idan su biyun suna tsakanin 24 da 32 ana ƙara musu har wata huɗu. Ranar Laraba shi ke goya yaron a ƙirji ya tafi cefane, abin da har na dawo ban daina kallo ba.

Ba kyauta ba ce zalla. Ita da bakinta ta ce idan wani cikin ya zo, albashin watanni 12 kafin haihuwa za a duba. Ga takardu kamar na shari'ar gado. Amma kujerarta tana jiran ta, doka ta hana a kore ta har shekara uku na hutun raino.

A jirgin dawowa wata malama nake ta tunawa, wadda muka koyar tare a wata makarantar kuɗi a nan Lafia. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba mai ciki mako 12 da aƙalla rabin albashi, idan ta yi wata shida tana aikin. Da malamar ta dawo daga hutun haihuwa ta roƙi a bar ta ta riƙa tashi da azahar na zango ɗaya kawai. Aka ce ko duka ko babu. Yau tana sayar da awara a ƙofar gida, da takardar NCE a ƙarƙashin katifa.

Na san muna da abin da Bonn ba ta da shi: kaka da goggo da maƙwabciya da za ta karɓi yaro ba a biya ta ba. Na kuma san ba mu da Yuro 255. Sai dai ba wa mai goyo damar rage awa na 'yan watanni ba tare da ta rasa aikinta ba, wannan ba ya cin baitulmali. 'Yan majalisar dokokin jihar Nasarawa, ku fara da malamai da ma'aikatan jinya na jiha.